Fim ɗin da ya ƙi kaiwa ƙurunƙus

Bari in fara da tona asirin kaina tun kafin wani ya riga ni. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da Faransanci a kolej, yanzu a nan Maraɗi, kuma ban tuna taron malamai da iyaye ko ɗaya da aka tashi ba a zagi fim ba. Wani uba zai miƙe ya ce fim ya lalata tarbiyya, wata uwa ta ce salula ta hana yara barci, direkta ya gyaɗa kai, ni ma in gyaɗa nawa. Abin da ban taɓa faɗi a wurin ba shi ne, a cikin ɗakin kaf da wuya a samu wanda ya fi ni sanin abin da ya faru a kashi na arba'in da bakwai na shirin da ake zagi. Ni mai son kallo ne tun ina yawo ba takalmi. Saboda haka wanda ke magana a nan masoyin fim ne da aka ɓata wa rai, kuma ɓacin ran ya biyo shi har tsakar gidansa.

Talabijin ta farko da na gani ba ta gidan kowa ba ce. Ta samariya ce, zamanin Seyni Kountche, ana fito da ita fili bayan magariba a ɗora bisa dogon teburi. Mu yara mu zube a rairayi gaba, manya su jera kujeru da tabarmi baya. Labarai da Faransanci ba su dame mu ba, abin da muke jira shi ne wasan kwaikwayon su Yazi Dogo daga Damagaram. Da an nuno fuskarsa fili ya ɗauki dariya tun bai buɗe baki ba. A wasanninsu muka fara ganin ɗan kasuwa mai haɗama, da ma'aikacin gwamnati mai girman kai, da boka mai cin kuɗin mata, kuma kowannensu sai ya gamu da sakamakonsa kafin a rufe akwatin. Sai da na girma na san cewa shi kansa Yazi Dogo malamin makaranta ne. Ranar da na ji haka na ji wani irin alfahari, kamar an ce mini ɗan unguwarmu ne.

Daga nan sai sinima, irin wadda ba ta da rufi, kana kallo kana ganin taurari bisa kanka. Ba mu jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma a kowane layi akwai wani yaro da ya ga fim ɗin sau bakwai, shi ne tafinta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. A nan na ga Sholay, fim ɗin 1975, shekaru da yawa bayan fitowarsa, hoton duk ya ƙoƙe. Lokacin da Amitabh Bachchan ya mutu a hannun abokinsa Dharmendra na yi kuka, na goge da hannun riga don kada abokaina su gani, ashe su ma abin da suke yi ke nan. Awa uku da ɗoriya, an gama. Muka tako gida a ƙasa muna maimaita labarin tun daga farko, kowa na gyara wa ɗan uwansa.

Sai kaset ya zo daga Kano, ya biyo ta Katsina da Jibiya ya shigo mana. Wajejen shekarar 2000 babu gidan bidiyo da ba a kallon Sangaya da Wasila, dala biyar kuɗin shiga, janareto na kuka bayan zana. Wanda bai rayu a lokacin ba ba zai gane daɗin da muka ji ba. Mun saba ganin soyayya da Indiyanci, faɗa da Sinanci, bindiga da Turanci. Ga shi yau saurayi na zance da budurwa da harshen da uwata ke yi mini faɗa da shi. Da aka tura ni ƙauye aikina na farko, inda ba kuran ba famfo, Rabilu Musa Ibro ne ya riƙa raba ni da kewar gida daren Asabar. Ranar da aka ce ya rasu, a watan Disamba na 2014, na yi juyayi kamar na rasa dangi.

A wannan shekarar ce tashar Arewa24 ta fara aiki, kuma da ita kallo ya sake kama. Daɗin Kowa ya shigo gidajenmu a 2015 da mutane irinmu: gidan haya, almajirai, samari masu shaye-shaye, waɗanda rikici ya raba da garuruwansu, da Kamaye da matarsa Adama, waɗanda kowace unguwa tana da irinsu. Kwana Casa'in kuma ya ƙirƙiri jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada, ya nuna yadda ɗan siyasa da ɗan jarida da ɗan kwangila ke cin tuwo a kwano ɗaya. Na sha jin ɗalibaina suna gardama a kansa lokacin hutun ƙarfe goma, kuma na yarda cewa abin da suka gane game da sayen ƙuri'a daga wannan shiri ya fi abin da suka gane daga darasin zama ɗan ƙasa. Labarina na Aminu Saira ya zo da hoto mai tsabta da sauti mai kyau, har ka manta da zamanin da ake jin kukan zakaran maƙwabta cikin maganar jarumi. Duk wannan alheri ne, kuma ba na cikin masu musun alheri.

To ina ɓacin ran ya fito?

Akwai wani shiri mai dogon zango da muka fara bi a gidana shekara biyu da suka wuce. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba shari'a na zo yi da kowa ba, kuma in na kama sunan ɗaya na bar goma masu irin halinsa. Labarin wata yarinya ce ɗiyar bazawara mai tuyar waina. Yarinyar tana da kai, burinta ta zama likita, saboda mahaifinta ya rasu ne a hanyar kai shi asibiti. Akwai kuma wani malaminsu mai tsohon babur da riga biyu, wanda ya cire daga albashinsa ya biya mata kuɗin jarrabawa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ranar da aka fara nuno shi yana tura babur ɗin da ya ƙi tashi, uwargida ta dube ni ta fashe da dariya, ta ce, «Malam, yau ga ka a tele.»

Kashi ashirin na farko sun yi mini daɗin da na daɗe ban ji ba. Har yanzu ina ganin wurin da yarinyar ke bitar darasi da fitilar salula, ta rufa da zane don kada hasken ya tada ƙannenta. Ina tuna wurin da baffanta ya zo da maganar wani mai kuɗi, uwar ta ci gaba da juya waina ba ta ɗago kai ba, ta ce masa sai yarinya ta gama. Tare muke kallo da ɗiyata ta biyu, takwarar mahaifiyata, wadda nake kira Mamana. Lokacin tana aji na uku a kolej, shekara guda kafin ajin jarrabawa. Nakan saci kallon fuskarta in ga yadda take bin yarinyar da ido, in ce a raina, alhamdu lillahi, ga fim yana yi mini aikina kyauta.

Wajen kashi na talatin wani saurayi mai babbar mota ya buge farantin wainar. Na ce to, ba laifi, labari yana son gishiri. Zuwa kashi na arba'in uwar saurayin ta rantse ɗanta ba zai auri ɗiyar mai waina ba. Zuwa na hamsin an je wurin boka, an sa guba a lemo, wani ya faɗi daga bene ya manta sunansa. Malamin nan kuwa, a wani kashi aka ce ya yi tafiya, kuma daga ranar ba a sake ambatonsa ba, ko gaisuwa bai aiko ba. Littattafai suka ɓace daga ɗakin yarinyar, madubi da akwatunan lefe suka maye gurbinsu. A kashi ɗaya sai ta sake leshi sau uku. Ana tsakiyar kuka sai a tsaya a tallata turaren wuta da maganin basir, a dawo a ci gaba da kukan daga inda aka tsaya. Da aka zo biki, kashi uku cur aka yi ana kamu da dina da kai amarya. Babu wanda ya tuna da maganar likita, har uwar da ta ce sai ta gama. Ita ma an saya mata gida mai bene, ta daina tuya, an wuce wurin. Bayan biki da kashi biyar aka kawo kishiya, don labari ya samu abin ci gaba.

Kada mai karatu ya zaci na daina kallo. Ban daina ba. Kowane mako ina gunaguni, kowane mako ina sayen forfe na jaka guda ko in aika a turo mana sabon kashi. Ina gyaran takardun ɗalibai gaban allon, jan biro a hannu, ido a wani wuri. Akwai lokacin da takardun aji guda suka yi mako uku a jakata, ni da ke rage wa yaro maki in ya makara da kwana ɗaya. Na riƙa gaya wa kaina cewa ina jira ne in ga ranar da malamin zai dawo, yarinyar ta tuna da alkawarinta. Gaskiyar ita ce abin ya riga ya kama ni kamar yadda shayi ke kama ɗan fada, ko bai yi daɗi ba sai an sha na uku.

Ranar da na farka wata ranar Afrilu ce, ana tsakiyar zafin nan da ke hana barci a ɗaki, saura wata biyu da ƴan kwanaki a yi BEPC. Mamana ta kawo takardar sakamako, lissafinta ya faɗo daga 14 zuwa 8 bisa 20. Na zaunar da ita bayan isha'i na fara faɗa irin namu na malamai, wanda muka haddace tun ba yau ba: karatu shi ne gatan ɗiya mace, wanda bai sha wuya ba ba ya shan daɗi. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta har na gama. Sannan ta ce, a hankali, ba da rashin kunya ba, «Baba, ai ita ma wance ba ta gama ba. Kuma ga shi ta huta, ta hutar da mamarta.»

Ta kama sunan yarinyar fim ɗin kamar sunan ƴar ajinsu. Ba ta ƙara ko kalma ba, amma idonta ya sauka bisa babur ɗina da ke jingine jikin bango, wanda ya kwana biyu yana jiran kuɗin gyara. Na gane sauran maganar da tarbiyya ta hana ta faɗi. Ga wadda ta bar karatu tana cikin mota mai sanyi, ga wanda ya gama karatu yana tura babur.

Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi shi ne, a makonnin nan gwaggonta ta fara zarya gidanmu da zancen wani ɗan kasuwa mai shaguna a babbar kasuwa, mutumin kirki a bakin kowa, wanda ya ga yarinyar a wani suna. Na ce a dakata, na ɗauka magana ta mutu. Ashe yarinya tana ji, tana kuma auna abin da ta ji da abin da take gani kowane mako tare da ubanta. Da dare uwargida ta ce mini, «Malam, kada ka ga laifinta. Baƙon nan kai ka kawo shi gidan, kai ke yi masa shimfiɗa duk mako.» Ban samu amsar ba ta ba.

Mu malaman wannan yanki ba mu bukatar a gaya mana yadda bencin ƴan mata ke raguwa tsakanin ajin farko na kolej da ajin ƙarshe. Muna kiran suna ranar komawa hutu a ce mana an ɗaura. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma jiharmu ta Maraɗi tana cikin inda abin ya fi yawa. A ƙarshen 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare yarinyar da ke makaranta. Aure sunna ne, ni ma ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da zan aurar da Mamana ga mutumin kirki. Amma a inda lamari yake haka, labarin da ake ba yarinya mai shekara goma sha biyar game da yadda ake fita daga talauci ba abin wasa ba ne.

Ƙorafin da aka fi ji a kan fina-finan Hausa shi ne rawa da waƙa da sutura. Shekaru ana wannan gardama, a masallaci da rediyo da majalisar shayi. Nawa ƙorafin yana wani wuri. Bayan daren nan na zauna na tuno shirye-shiryen da na bi a ƴan shekarun nan, na tambayi kaina tambaya ɗaya a kan kowanne: talakan da ke cikinsa, ta wace ƙofa ya fita daga wahala? Sai na ga ƙofofin ba su da yawa. Ko ta auri mai kuɗi, ko a gano ashe shi ɗan wani attajiri ne da aka sace yana jariri, ko wani Alhaji ya ga hankalinsa ya miƙa masa makullin kamfani. Da ƙyar na tuno wanda ya fita ta hanyar sana'ar da ya koya, ko gonar da ya noma, ko jarrabawar da ya ci bayan ya faɗi sau ɗaya. Ana iya yin fim kowace mace cikinsa da hijabi har ƙasa, ba rawa ba waƙa, ana ambaton Allah a kowace jimla, amma darasin da yaro zai tashi da shi ya zama cewa arziki faɗowa yake daga sama, kuma wahalar karatu aikin wanda bai yi sa'a ba ne. Wannan darasi ba ya ƙara, shi ya sa ba a kama shi.

Adalci kuma ya sa in faɗi abin da ke bayan labule. Masu shirya fim ba don mugunta suke jan labari ba. Kasuwar kaset da faifai, wadda ta ciyar da su shekara da shekaru, satar fasaha da tura fim a waya sun kashe ta. Da yawansu suka koma YouTube, inda kuɗi ke biyo yawan masu kallo da tallar da aka gani. Fim mai awa biyu sau ɗaya ake cin kasuwarsa, shiri mai kashi ɗari kuwa kowane mako yana kawo wani abu, ga kuma masu kaya da ke biya a tallata musu a tsakiya. Wanda ya samu labarin da jama'a suka kama, rufe shi kamar rufe shago ne ranar kasuwa. Ana rubutawa ana ɗauka ana saki, ana kuma sauraren abin da masu kallo ke nema, kuma mu masu kallo biki muke nema, da kishiya, da mota. Ɗan wasa ya samu saɓani da mai shiri, ko ya samu wani aikin, sai a ce wanda yake fitowa a matsayinsa ya yi tafiya. Wataƙila abin da ya ci malamina ke nan.

Mu kuma nan Nijar, yawancinmu ta wurin mai tura fim a bakin kasuwa muke samu, dala ashirin a cika maka kati. Ko tamma ba ta isa hannun wanda ya biya ƴan wasa da masu kyamara. Mun ci tuwo ba mu sa hannu a cefane ba, sannan muna ƙorafin miya ta yi ruwa. Ni ma ina cikin wannan layi, ban cire kaina ba.

Duk da haka akwai abin da ake asara in labari ya ƙi ƙarewa. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa barin tatsuniya a buɗe ba. Ko barci ya fara ɗaukarta sai ta kai Gizo inda zai ji kunya, ta kai marainiya inda haƙurinta zai biya ta, sannan ta ce ƙurunƙus, kowa ya tashi. A ƙarshen labari ake yin hisabi. Can ne yaro ke gane abin da ƙarya ta jawo da abin da haƙuri ya haifar. Shirin da aka gina don kada ya ƙare ba shi da ranar hisabi. Mugu ba ya gamuwa da sakamakonsa don ana bukatarsa mako mai zuwa, alkawarin da aka ɗauka a kashi na biyar kuma babu mai tambayarsa a kashi na saba'in.

Abin mamaki, ƙasar nan ta san wannan tun da daɗewa. A 1964 aka fara talabijin ta makaranta a Nijar, wato akwatin ya shiga aji tun kafin ya shiga ɗakunanmu. A 1972 kuma Oumarou Ganda, wanda cibiyar al'adu ta Yamai ke ɗauke da sunansa, ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya sa kuɗi ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ta zama matarsa ta uku, abin ya ƙare da zubar da jinin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Fim ɗin bai kai awa ɗaya ba. Fiye da shekara hamsin da suka wuce ɗan ƙasar nan ya ɗauki zancen mai kuɗi da yarinya ya bi shi har inda yake kaiwa, ya rufe. Mu yau muna kashi uku a wurin dina.

Ban hana kallo a gidana ba, don na san wanda aka hana a gida zai gani a salular ƙawa, kuma can babu mai tambayarsa me ya gane. Abin da na yi shi ne na ɗauki matsalar na kai ta aji. Na tambayi ƴan ajin jarrabawa su nawa ke bin shirin, hannuwa suka tashi kamar an ce wa ke son hutu. Na ce to, mu koma kashi na ashirin, ranar da uwar ta ce sai yarinya ta gama. Kowa ya rubuta mini yadda labarin zai ƙare, shafi biyu, kuma dole ya ƙare. Na bar su suka fara tattaunawa da Hausa kafin su rubuta da Faransanci. A shekara ashirin da biyu ban taɓa ba da aikin gida aka kawo shi duka ranar da na ce ba sai wannan.

Na karanta takardun a dare ɗaya, tele a kashe. Da yawa sun aurar da ita ga mai motar, amma sun bar ta ta gama karatu tukuna, kamar suna neman sulhu tsakanin fim da Mushe. Wata yarinya mai zama a bencin baya, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta mai da ita ungozoma a asibitin ƙauye, ta kuma dawo da malamin ya tsufa, ya kawo ɗiyarsa haihuwa cikin dare a amalanke, bai gane wadda ta karɓe su ba sai da ta kira shi da sunan da suke kiransa a lakwal. Faransancin cike da kurakurai, amma na karanta sau biyu. Wani yaro kuma ya rubuta cewa malamin ya sayar da babur ya tafi haƙar zinariya Jado. Da na tambaye shi dalili a aji, ya ce, «Mushe, to me zai zauna yi?» Aji ya yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Yaron bai koyi wannan a fim ba, a unguwarsu ya gani. Ranar na gane cewa fim bai ƙirƙiro raina karatu ba. Ya tarar da shi a gari ne, ya yi masa kwalliya, ya dawo mana da shi.

A gida kuma na nemo kashi na tara, wurin fitilar salula, na ce wa Mamana ta zo mu sake gani. Da ya ƙare na ce, «Mamana, wannan yarinyar ina ta tafi?» Ta yi shiru, can ta ce, «Sun manta da ita.» Na ce ita da ke cikin gidan bene fa? Ta ce, «Wannan wata ce daban, suna ne kawai ɗaya.» Sai ta tambaye ni ko malamin zai dawo. Na ce ban sani ba, amma ni ina nan.

Ta ci BEPC, ba da tazara mai yawa ba, sai da ta je zagaye na biyu. Yanzu tana lise. Ba zan yi ƙaryar cewa hirar fim ce ta ceto ta ba. Uwarta da ta riƙa karɓe salula ƙarfe tara, da abokin aikina malamin lissafi da ya riƙa zama da ita Asabar da Lahadi bai karɓi ko dala ba, su suka yi babban aikin. Gwaggonta kuma ba ta daina zuwa ba, ta dai rage. Maganar ba ta mutu ba, kuma saura shekara biyu kafin bak.

Abin da zan ce wa iyaye ƴan uwana kaɗan ne. Ku zauna ku kalli abin da yaranku ke kallo, ko kashi ɗaya a mako, kuma kada idonku ya tsaya ga tsawon riga kaɗai. In an gama ku tambaye su: wane ne ya samu, kuma me ya yi ya samu? Wane ne aka manta da shi? Malamai kuma, yaran da muke cewa ba su iya riƙe darasi ba suna riƙe da sunayen mutum arba'in da dangantakarsu a shiri ɗaya. Wannan kai ne mai aiki, saura mu san ta inda za mu shiga. Masu shirya fim, in wannan rubutu ya isa gare ku, mun gode da dariya da hawayen da kuka ba mu. Roƙona ɗaya ne: in kun ɗora wa yarinya littafi a kashi na farko, ku tuna akwai dubban ƴan mata daga Tawa har Damagaram da suka ɗauke shi tare da ita, suna jiran su ga inda za ta ajiye.

Shirin yana nan yana tafiya, an wuce kashi na ɗari. Makon jiya na bi ta gaban shagon mai tura fim, ya hango ni ya ɗaga murya, «Mushe, sabo ya fito, an sace jaririn!» Na tsaya na tambaye shi ko malamin ya dawo. Ya yi ɗan tunani, ya ce wane malami? Na ce ya bar shi. Dala ashirin ɗin tana hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya so in san wa ya sace jaririn. Na miƙa masa katin na ce ya sa mini tsohon Ibro guda biyu, wanda ya san an gama shi.